In Kyanwa Ta Mutu, Kada Mu Yi Wa Yaro Dariya

A gidajenmu na Birnin Kebbi da Argungu, in akuya ta mutu akan yi wa mai ita jaje, amma in kyanwa ce sai a ja ta a yar a juji. Yaron da ya saba ba ta kan kifi, in ya zubar da hawaye, sai manya su ce, "Kai, don kyanwa kake kuka?" A ganinmu wannan ba daidai ba ne. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Kyanwar da ta sami kulawa tana iya kai shekara 12 ko fiye, wato ninki biyu na zaman ɗalibi a sakandare. Sau da yawa mutuwarta ce rashi na farko da yaro ke gani, kuma yadda muka karɓi kukansa haka zai koyi karɓar na wasu. Mu bar shi ya haƙa rami ya binne ta, mu ce masa sannu.

Kyanwa kuma ba 'yar zaman banza ba ce. A ƙasar shinkafa da busasshen kifi irin ta fadamar Rima, ita ce mai gadin rumbu da ɗakin ajiya. Ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa ta Borno a 1969, kuma ajiye kyanwa yana cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na rage ɓeraye a gida.

Saboda haka muna goyon bayan a kawo wata, amma ba da gaggawa ba. Da farko a binciki abin da ya kashe ta dā. In maganin ɓera ne, a kawar da shi, domin kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Kada a ba ta Panadol in ta yi ciwo, yana kashe ta. Na biyu, kada a raba 'yar kyanwa da uwarta kafin mako 8. Na uku, in ta kai wata 3 a kai ta asibitin dabbobi a yi mata allurar rigakafin cutar haukan kare.

Ɗalibai, sabuwar ba za ta zo da halin tsohuwar ba. Wataƙila tsohuwar kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi, sabuwar kuwa ta ɓuya ƙarƙashin gado kwana uku. Kada ku ba ta sunan waccan, kada ku doke ta don ta ƙi zuwa. Ku ajiye mata ruwa da abinci wuri ɗaya, ku yi haƙuri, da kanta za ta fito.