Kafin Mu Nemi Ƙarin Jari, Mu Toshe Inda Na Hannu Ke Zurarewa

Duk majalisar matasa da ka zauna a Birnin Kudu ko Gwaram, in hira ta gangaro kan sana'a, a wuri ɗaya take tsayawa: babu jari. Tela zai ce da zai samu keken aiki na zamani da ya wuce haka. Mai POS zai ce kuɗin juyawa ne suka yi masa kaɗan. Ɗan sarin riɗi zai ce manyan 'yan kasuwar Kano ne suka fi shi ƙarfi. Duk gaskiya ne. Sai dai ni a ganina, da yawanmu ko an ninka mana jarin nan sau biyu, cikin shekara guda za mu dawo inda muke, domin yadda muke gudanar da aikin ne yake da ɓaraka. Wanda yake ɗiban ruwa da bokiti mai huda, ƙarin ruwa ba zai cika masa randa ba.

Mu fara da ɗinkin Sallah, tunda babu gidan da bai taɓa shiga wannan rigimar ba. Tela ya san, in ya natsu, kala nawa yake iya gamawa a rana. A ce kala 4 ne, kuma saura kwana 20 Sallah. Ka ga iyakarsa kala 80 kenan, in ba a samu matsalar wuta ko rashin lafiya ba. To amma kunyar cewa "na rufe karɓa" da kwaɗayin kuɗin kafin alƙalami sai su sa ya karɓi 130. Daga nan sai kwanan shago, sai ɓata wa mutane yadi, sai a haɗa rigar wani da wandon wani, sai kashe waya daren Sallah. Kala 50 ɗin da ya ƙara ba riba ce ba, mutum 50 ne da za su fita suna faɗa wa dangi da abokai kada su kai masa ɗinki. Maganin abin nan bai kai kuɗin katin waya ba: littafi guda, kowane ɗinki da lambarsa, awon mai kaya, abin da ya biya, da ranar karɓa, sannan a maƙala lambar a jikin yadin. In shafukan kwanakin suka cika, an rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka ma tsarin aikin kansa. Maimakon a yanka kala ɗaya, a ɗinka, a yi guga, sannan a koma kan na biyu, sai a ware safiya a yi yanka gaba ɗaya da hasken rana, aikin da ke buƙatar lantarki a tara shi zuwa lokacin da aka kawo wuta ko aka tayar da janareta, guga kuma a yi ta lokaci guda. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mintin da janareta ya yi yana ƙara alhali tela yana neman almakashi ko zare, kuɗi ne ke ƙonewa.

Wannan tunani ba sabo ba ne a duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Toyota na Japan ba shi da kuɗi da kayan aiki irin na kamfanonin motocin Amurka. Wani injiniyansu mai suna Taiichi Ohno ya mayar da hankali kan farautar asara a cikin aiki: jira, yawan kai-komo, tara kayan da ba a buƙata yanzu, da gyaran abin da aka ɓata. Ɗaya daga cikin dabarun da suka yi fice da su ɗan kati ne da ke bin kaya yana nuna me ake buƙata da kuma nawa. Kati fa, ba wata na'ura ba. Bambancinsa da lambar da tela zai maƙala a jikin shadda kaɗan ne.

Mu leƙa kasuwar Sara a ƙaramar hukumar Gwaram. Matashi zai sayi buhunan riɗi ko zoɓo, ya kai Kano ya sayar, ya cire kuɗin saye daga kuɗin sayarwa, ya ce ga ribarsa. Ina kuɗin buhu da zare? Ina na 'yan dako, lodi da sauke? Ina la'adar dillali, kuɗin mota, da abin da aka bayar a hanya? Ina nauyin da ya ragu bayan an sheƙe an cire ƙasa da tsakuwa? Ina kuɗin abincinsa da kwanan da ya yi? In bai rubuta waɗannan ba, zai iya yin kaka guda cur yana yi wa direbobi da dillalai aiki, shi kuma yana murnar kuɗi na wucewa ta hannunsa. Wanda ya san ainihin abin da buhu ɗaya ya tsaya masa a ƙofar mai saye, shi ne ya san farashin da zai tsaya a kai a Sara, da wanda zai ce "Allah Ya sa albarka" ya wuce.

Sai babbar ɓarakar da ta fi kowacce, wato haɗa aljihun shago da na gida. Cefane daga cikin ciniki, gudummawar biki daga ciki, data daga ciki, ƙane ya zo a zaro a ba shi. Babu wanda ya ce kada a taimaki 'yan uwa, ai don haka ake neman. Amma ka yanka wa kanka albashi, na mako ko na wata, duk hidima ta fito daga nan. Bashi kuma a rubuta shi da suna da rana. Wasu na ganin rubuta bashin aboki rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Mai POS kuwa, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa tura kuɗi ta waya, ya kuma buɗe wa masu alat na bogi ƙofa. Doka biyu sun ishe shi: kada ya saki kuɗi sai ya gani a asusunsa, kuma kada ya kwanta sai ya daidaita tsabar hannu da abin da na'ura ta nuna.

Ma'aikata ma ba su tsira ba. Matashin da ya samu aiki a sakatariya, asibiti ko makaranta, yakan tarar da al'adar "ka dawo gobe", shi ma ya ɗora. Dattijo zai biya kuɗin mota daga ƙauye ya zo, a ce takarda ɗaya ta rage, ya koma ya kawo, a ce saura hoto. Da an rubuta abubuwan da ake buƙata an liƙa a ƙofa, da zuwa ɗaya ya wadatar. Wannan ba ya buƙatar sa hannun gwamna. Ƙaramin ma'aikacin da ya san inda kowane fayil yake, kuma yake cika alƙawarin rana, shi ake nema idan an tashi ɗora wa wani nauyi.

Na san abin da wani zai ce: Malam, ka bar wuta, ka bar tsadar mai, ka bar gwamnati, ka zo kana mana wa'azin littafi. Ban bar su ba. Haƙƙinmu ne mu ci gaba da matsa wa shugabanni lamba kan lantarki, hanyoyi da rance mai sauƙi. Wani kuma zai ce Aliko Ɗangote, da ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ai gidan Ɗantata ya fito, da jari ya fara. Haka ne. Amma 'ya'yan attajirai nawa aka ba jari ya narke? Kuma ko rancen da muke nema, banki ko hukuma za su tambayi shaidar shige da ficen kuɗi. Wanda ke da littafin wata shida yana da abin nunawa. Wanda lissafinsa ke cikin kansa sai rantsuwa.

Saboda haka ga abin da nake roƙon 'yan uwana matasa. A wannan makon ka sayi littafi mai shafi 60, ko ka buɗe wuri a wayarka. Ka rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita na tsawon kwana 30, har da naira 100 ta ruwan leda. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka ba shi rabin awa ka duba. Ka zaɓi huda ɗaya da ka gano, ka toshe ta, wata mai zuwa ka kama ta biyu. In kana da yara a shago, ka koya musu tun yanzu, domin su ne masu shagunan Birnin Kudu da Gwaram nan da shekara goma.