Martani: Kulle Yara Ba Shi Ne Tsaro Ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce makarantun nazare na Zuru su daina fita da yara ziyara, kana kafa hujja da harin Maga. Hujjar ba ta zauna ba. Ɗaliban makarantar Maga 25 da aka sace ranar 17 ga Nuwamba, 2025, a ɗakin kwanansu aka same su. Na Birnin Yauri ma, a Yunin 2021, har cikin makaranta aka bi su.

Abin da ke cutar da yaro a waje sakaci ne: malama ɗaya da yara cike da mota, ko a jera huɗu a kan babur. A gyara wannan. Iyaye su sa hannu kafin tafiya. Kowace malama ta riƙe yara biyar da sunayensu a takarda, ta ƙirga su wajen hawa da sauka. A tsaya cikin gari, a dawo kafin azahar. In an kai ziyara Girmace, kada yaro ya kusanci ruwan kadoji. A cunkoson bikin Uhola, hannu cikin hannu.

Yaranmu suna da haƙƙin sanin garinsu. Aikinmu mu raka su da ido buɗe.