Kofin bezbol na Amurka: Kuɗi ne ya saye shi ko sa'a ce ta kawo shi?

A daren Asabar, 1 ga Nuwamban 2025, ƙungiyar Los Angeles Dodgers ta doke Toronto Blue Jays da maki 5 da 4 a wasa na bakwai, ta riƙe kofin World Series na ƙwallon bezbol karo na biyu a jere. Rabon da wata ƙungiya ta yi haka tun lokacin da New York Yankees ta jera kofi uku daga 1998 zuwa 2000. Kafin gari ya waye, 'yan kallon da suka yi hasashe tun watan Maris cewa Dodgers ce za ta ɗauka sun fara bugun ƙirji, suna cewa ai da ma sun faɗa: ƙungiyar da ta fi kowa zuba kuɗi ita ce da kofi, saura rakiya suka zo.

Wanda ya kalli wasan zai yi wuya ya amince da wannan magana kai tsaye. Wanda kuma ya duba littafin albashin ƙungiyoyin ba zai iya watsi da ita ba.

Ga mai karatun da ya saba da ƙwallon ƙafa, akwai bambancin da ya kamata ya sani. A gasar Firimiya ta Ingila, wanda ya ƙare a saman tebur shi ne zakara. A bezbol kuwa, ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kuma duk wannan wahala tikitin shiga zagayen ƙarshe kawai take samarwa. Ƙungiyoyi 12 ne ke shiga, sai a koma sili-ɗaya-ƙwale a watan Oktoba, inda ake karawa a jerin wasanni uku, ko biyar, ko bakwai. A wannan wasa, ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi ma takan sha kashi sau 60 ko fiye a shekara, don haka rashin sa'ar mako guda ya isa ya rushe aikin wata shida.

Shi ya sa hasashen 'yan kallo ya daɗe yana shan ƙasa. A 2001 Seattle Mariners ta ci wasa 116, amma ko wasan ƙarshe ba ta kai ba. A 2006 St. Louis Cardinals ta ɗauki kofi bayan ta ci 83 kacal. A 2022 ita kanta Dodgers ta ci wasa 111, sai maƙwabciyarta San Diego ta sallame ta a karon farko da ta fito. Shekara guda bayan haka, ƙungiyoyi ukun da suka ci wasa 100 ko fiye, wato Atlanta da Baltimore da Dodgers, duk suka faɗi tun da wuri, aka bar Texas mai 90 da Arizona mai 84 suna neman kofi. Daga 2001 zuwa 2024 ƙungiyoyi 16 daban-daban ne suka zama zakara. Masu cewa Oktoba caca ce, a kan wannan tarihi suke tsaye.

Kakar 2025 ma ta ba su abin kafa hujja. Da Dodgers ta ƙara Blake Snell da matashin ɗan Japan Roki Sasaki a kan taurarin da take da su, sai wasu magoya baya suka fara lissafin yadda za ta karya tarihin cin wasa 116. Ta ƙare da 93. Milwaukee Brewers, ƙungiyar ƙaramin gari mai ƙaramin aljihu, ita ce ta fi kowa da 97, kuma ta doke Dodgers a duk wasanni shidan da suka haɗu a tsakiyar kaka. New York Mets, wadda ta ba Juan Soto kwantiragin dala miliyan 765 na shekara 15, ko zagayen ƙarshe ba ta leƙa ba. Toronto kuwa, wadda ta ƙare a ƙasan rukuninta a 2024 da nasara 74, ba kowa ne ya sa ta a lissafi ba, sai ga ta da 94, ƙasar Kanada gaba ɗaya ta bi bayanta a shekarar da Shugaba Trump ke ta maganar mai da ƙasar jiha ta 51.

Sai kuma shi kansa wasan ƙarshen. A jimillar wasanni bakwai, Toronto ta ci maki 34, Dodgers ta ci 26. A zagaye na tara na wasa na bakwai Toronto tana gaba da 4 da 3, saura ta fitar da 'yan wasa biyu ta ɗauki kofin da ta rabu da shi tun 1993. Wanda ya farke makin, Miguel Rojas, shi ne na ƙarshe a jerin masu bugu, ɗan wasan da aka ɗauka don iya tsaro, wanda babu mai hasashen da ya taɓa ambatar sunansa. Mintuna kaɗan bayan haka Toronto ta cika dukkan matsayai uku da 'yan wasanta, aka fitar da mai gudunta a bakin gida da tazarar da sai da aka sake duba hoton bidiyo. Da ƙafarsa ta riga ƙwallo da ɗan taƙi, da yanzu wani sharhin ake rubutawa. A zagaye na 11 ne Will Smith ya buga ƙwallon da ta tsallake katanga, aka tashi.

Sai dai akwai abin da masu maganar sa'a ke tsallakewa. Dodgers ta shiga zagayen ƙarshe kowace shekara tun 2013, sau 13 ke nan a jere. Mai sayen tikitin caca kowace shekara ba ɗaya yake da mai samu sau ɗaya a shekara goma ba. Kuma a tsakiyar kakar 2025 Snell da Tyler Glasnow da Sasaki duk sun yi jinya mai tsawo, raunin da zai durƙusar da ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi. Ita kuwa ta yi ta lallaɓawa har suka warke, ta shiga Oktoba da majefa ƙwallo huɗu na sahun farko. Da ta sake haɗuwa da Milwaukee a wasan kusa da na ƙarshe, maki ɗaɗɗaya Milwaukee ta iya ci a kowane ɗaya daga wasanni huɗun, kuma a na huɗu Shohei Ohtani shi kaɗai ya tsallake katanga sau uku, ya kuma fitar da masu bugu 10 da jifarsa. Gwarzon gasar, Yoshinobu Yamamoto, wanda ya yi jifa a wasa na shida ya kuma dawo washegari ya rufe na bakwai ba tare da hutu ba, kwantiragin dala miliyan 325 ne ya kawo shi daga Japan. Ita ma Toronto ba matalauciya ba ce: kamfanin sadarwa na Rogers ne mai ita, kuma a watan Afrilu ta ɗaure Vladimir Guerrero Jr. da dala miliyan 500. Rabon da ƙungiyar ƙaramar kasuwa ta ɗauki kofi tun Kansas City a 2015.

Ɗan kasuwa zai so ya ji yadda aka tsara cinikin Ohtani. A Disamban 2023 ya sa hannu kan dala miliyan 700 na shekara goma, amma miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara. Sauran miliyan 680 bashi ne a kan ƙungiyar, za ta biya daga 2034 zuwa 2043, babu kuɗin ruwa. Wato ta karɓi kaya yau, tana juya ribar tallace-tallacen da yake jawo mata daga kamfanonin Japan, biya sai bayan shekara goma. Doka ba ta hana ba, kowace ƙungiya za ta iya yi, amma ba kowace ce ke da yarjejeniyar talabijin ta sama da dala biliyan 8 kamar wadda Dodgers ta ƙulla a 2013 ba.

A nan ne musun 'yan kallo ya daina zama hirar shayi. A cikin manyan gasannin Amurka huɗu, bezbol ce kaɗai ba ta da ƙa'idar iyakar albashi. Abin da take da shi haraji ne a kan ƙungiyar da albashinta ya wuce wani mizani, wanda ya kasance dala miliyan 241 a 2025. Dodgers ta biya harajin dala miliyan 103 a kan kakar 2024, kuɗin da ya fi gaba ɗaya albashin wasu ƙungiyoyin, ba ta ko girgiza ba. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disamban 2026, kuma da yawa daga masu ƙungiyoyin suna son a sa iyaka. Duk ɗan kallon da ya ce Dodgers ta lalata wasan, makami yake miƙa musu, ko ya sani ko bai sani ba. Kocin Dodgers, Dave Roberts, ya san da zancen, har ya yi masa ba'a a bainar jama'a bayan an fitar da Milwaukee.

'Yan wasan suna da tasu amsar, kuma ba ta rasa tushe ba. A ganinsu, iyakar albashi hanya ce ta barin kuɗi a aljihun attajiran da ke da ƙungiyoyi, alhali wasu daga cikinsu suna karɓar kason kuɗin da manyan ƙungiyoyi ke rabawa ƙanana amma ba sa sayen 'yan wasa da shi. Mai goyon bayan Pittsburgh ko Miami da ke zagin Los Angeles, ya kamata ya fara tambayar mai ƙungiyarsa inda kuɗin ke shiga. A ganina iyaka daga sama ba tare da tilasta mafi ƙarancin abin da za a kashe daga ƙasa ba, ba za ta kawo wa waɗannan garuruwa kofi ba.

An taɓa gwada wannan ƙarfi. A 1994 masu ƙungiyoyi suka nemi sa iyaka, 'yan wasa suka tafi yajin aiki a watan Agusta, aka soke World Series na shekarar, karo na farko tun 1904, kuma iyakar ba ta tabbata ba. A ƙarshen 2021 ma an rufe wa 'yan wasa ƙofa na kwana 99 kafin a sasanta. Masu hasashe za su sake sa Dodgers a gaba a 2026, kuma suna da dalili, ko da yake tarihin Oktoba ya nuna cewa ta fi kusa da rasa kofin fiye da ɗaukarsa karo na uku. Hasashen da ya fi wuya shi ne ranar da za a buɗe kakar 2027, domin wannan a teburin sulhu za a yanke shi.