Kafin A Watse, Kai Baba Ya Ga Teku

Wannan semistar, duk inda ka zauna a cikin makaranta maganar kuɗi ake yi: kuɗin farar rigar da za a cika da rubutu ranar jarrabawar ƙarshe, kuɗin dina, kuɗin anko, kuɗin mai hoto. Ban ce kar a yi ba. Amma ina da shawara ga 'yan uwana 'yan ajin ƙarshe, musamman waɗanda iyayensu ke da hanya zuwa Kudu. A rage wani abu daga kuɗin nan, a bi Baba ko Mama tafiya ɗaya zuwa bakin teku, don kallo kawai.

Na san za a ce yawon buɗe ido na Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi. To ai mu Hausawa mun daɗe muna sauka Kurmi. Kakanni sun yi fataucin goro, iyaye suna kai shanu da albasa da tumatir. Zuwa muke yi, kallo ne ba ma yi. Mahaifina ya fi shekara 20 yana sauke kayan gwari a kasuwar Mil 12 ta Legas, amma sai a hutun da ya wuce ƙafarsa ta taɓa ruwan teku. Daga tirela sai kasuwa, daga kasuwa sai masauki a Agege, sai gida.

Kwana biyu muka ware. Ranar farko mun je Lekki Conservation Centre, wani ɗan daji mai hekta 78 da aka keɓe tun 1990, wanda yanzu gidaje da manyan shaguna suka zagaye shi. Ana bin hanyar katako ta kan fadama, birai na tsalle a kanka, ga kunkuru, ga ɗawisu. Akwai gadar igiya a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Na ce, "Baba, ko ku jira ni a ƙasa?" Ya ce shi da ya sha zuwa Legas a kan lodin tirela, wannan ce za ta ba shi tsoro?

Me ya sa na ce da iyaye, ban ce da abokai ba? Duk wanda ya taɓa bin yawon ɗalibai ya san yadda ake yi. A sauka daga bas, a yi salfi, a yi ihu, dabbobi su gudu, a koma mota. Baba kuwa a gona ya tashi, ido gare shi. Shi ke fara hango abu kafin ni, ya ɗaga hannu in yi shiru. Da ya ga shirwa na shawagi, sai ya ce ai tamu ce, rani take yi a nan, damina na faɗuwa za ta koma Arewa. Haka kuwa abin yake. Daga nan baki ya buɗe. Ya ba ni labarin gada da barewa da yake gani a bayan ƙauyensu yana yaro, da kukan kura da dare, a wurin da yau ko zomo sai an yi sa'a. Shekarata 22 a gidansa, wallahi ban taɓa jin wannan labarin ba.

Washegari muka kama hanyar Badagiri. Akwai goslo, akwai shingaye, sai haƙuri. Amma da ka matso gari sai bishiyoyin kwakwa, da masunta cikin kwale-kwale, da zalɓe tsaye a bakin ruwa. Mun ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Sannan muka tsallaka ruwa zuwa Gberefu, muka taka yashi har inda ake loda bayi a jirgi, ba dawowa. Tarihin nan fa ya shafe mu: cikin bayin da aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil akwai Hausawa, kuma a can Musulmin bayi suka yi tawaye a 1835. Baba ya daɗe tsaye yana kallon igiyar ruwa, sannan ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a.

Gaggawar da nake yi tana da dalili. Gaɓar tekun na canzawa. Bar Beach da manya ke ba da labari an cike ta da yashi, yanzu Eko Atlantic ce a wurin. A 2024 aka fara titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, kimanin kilomita 700, aka kuma ƙaddamar da na Sakkwato zuwa Badagiri mai fiye da kilomita 1,000. Ba na adawa da titi, direbobinmu sun wahala. Sai dai inda kwalta ta bi, filoti da gini na biye, fadama da tsuntsayenta su ja baya. Mu ma lokacin ba jiranmu yake ba. Daga difloma sai shekarar IT, sai HND, sai bautar ƙasa, sai neman aiki. Kafin ka waiwayo, gwiwar Baba ba ta hawa gadar igiya.

Maganar tsaro gaskiya ce, a yi tafiyar rana, a bi motar tasha. 'Yan mata kuma, wannan ce tafiyar da ba wanda zai ce don me, tunda da mahaifi aka fita. Wanda Legas ta yi masa nisa, ga Yankari a Bauchi, ga fadamun Nguru da tsuntsayensu. A fi zaɓar rani, a shiga daji da sassafe kafin jama'a su cika. Kuma kar a riƙe abinci a leda a gaban biran Lekki, fizge suke yi.