Masaka: A Ƙirga Jama'a a Inda Suke Kwana

A takarda, Masaka gari ne a ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. A zahiri kuwa unguwa ce ta Abuja. Tun da asuba motoci ke kwasar ma'aikata, 'yan kasuwa, magina da masu gadi zuwa cikin birni, da dare su dawo da su ta cunkoson Mararaba. Amma a yau babu hukumar da za ta bugi ƙirji ta faɗi yawan mutanen da ke kwana a Masaka, balle ta ce su wane ne.

Yadda garin ya cika ba ɓoyayyen abu ba ne. A 1976 gwamnatin Murtala Muhammed ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, a watan Disamba na 1991 kuma gwamnatin Ibrahim Babangida ta tare a Abuja. Tsadar haya ta kori masu ƙaramin ƙarfi zuwa bakin iyaka. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, da hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, sun ƙara ingiza jama'a zuwa Mararaba, Ado da Masaka. Daga baya waɗanda rikicin Boko Haram da tashe-tashen hankulan Filato da Binuwai suka raba da gidajensu suka biyo sahu. Gonakin Gbagyi da maƙwabtansu Gwandara da Gade suka koma filayen gini. Yanzu a layi ɗaya za ka tarar da Bahaushe, Bafulatani, Tibi, Idoma, Eggon, Igala, Ibo da Bayarabe.

Ƙidayar da ta kamata ta nuna wannan sauyi ta tsufa. An yi ta a watan Maris na 2006, ta ba Najeriya mutum miliyan 140, Abuja kimanin miliyan 1.4, ƙaramar hukumar Karu baki ɗaya kuma dubu 200 da 'yan kai. Wadda aka shirya yi a watan Mayu na 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Da wancan tsohon lissafi ake auna kason kuɗi, azuzuwa da gadajen asibiti. Har yau Karu, Keffi da Kokona ɗan majalisar wakilai guda suke tarayya a kansa. Ga kuma ɗabi'ar da ke ƙara tauye gari irin Masaka: da an sa ranar ƙidaya, sai mutane su kwashi iyali su tafi garinsu na asali don a ƙirga su a can, alhali ruwa da makaranta da magani a nan za su neme su.

Batun ƙabila ya fi wannan sarƙaƙiya. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 da ta 1963 sun tambayi ƙabila da addini. Rigimar alƙaluma ta sa aka soke ta 1962, aka kuma soke ta 1973. Saboda wannan tarihi, ƙidayar 1991 da ta 2006 suka bar tambayoyin biyu, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ma ta ce ba za ta sa su a mai zuwa ba. Mun fahimci wannan tsoro, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Inda yawan kai ke nufin kason arziki, kowace ƙabila za ta so ta kumbura adadinta.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne gwamnati ta ƙi tambayar asali ranar ƙidaya, sannan ta tambaye shi a kowace rana ta daban. Yaron da aka haifa a Masaka, ya yi firamare da sakandare a nan, in ya tashi neman gurbin karatu, tallafin karatu, aikin gwamnati ko shiga soja, sai a ce ya kawo takardar shaidar ɗan asali. Dole ya nufi ƙaramar hukumar kakansa, wadda wataƙila bai taɓa takawa ba. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta daidaiton wakilci a muƙamai, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda asali. Tsakanin waɗannan biyun aka bar miliyoyin 'yan ƙasa a matsayin baƙi a garin haihuwarsu. Rikicin da Jos ta gani tun daga 2001 ya isa ya nuna inda rabon 'yan asali da baƙi ke kaiwa.

Su ma Gbagyi suna da kukansu, kuma kukan gaskiya ne. Sun rasa ƙasa a Abuja, suna kallon yadda ake rinjayarsu a Karu, suna fargabar harshensu da sarautar Esu Karu za su dushe. Rashin alƙaluma bai kare su ba. Ya dai bar fili ga jita-jita, kowane ɓangare na iƙirarin shi ne mafi yawa.

Shin mafita ita ce a dawo da gurbin ƙabila guda ɗaya a takardar ƙidaya? Ba mu ga haka ba. Wace ƙabila za a rubuta wa ɗan da ubansa Eggon ne, uwarsa Idoma, shi kuwa Hausa da buroka ya tashi da su? A kasuwar Masaka ana kiran Babarbare da Bazabarme Bahaushe saboda riga da hula. Ko Amurka, da ta daɗe tana ƙirga launin fata, tun ƙidayar 2000 ta ba mutum damar zaɓar gurbi fiye da ɗaya, a 2024 kuma ta sake fasalin rukunonin. Kenya da Ghana suna tambayar ƙabila, Ruwanda ta daina bayan kisan ƙare-dangi na 1994. Kowace ƙasa tarihinta take dubawa.

Ra'ayin wannan jarida shi ne Gwamnatin Tarayya ta sa ranar ƙidaya ta kuma cika ta. A ƙirga kowa a inda yake zaune, sarakuna, limamai da fastoci su hana mabiyansu tafiya gida don ƙidaya. A tambayi harsunan da ake magana da su a cikin gida, a bar mutum ya ambaci fiye da ɗaya, don malami da ma'aikacin lafiya su san da wa suke aiki, masu ƙananan harsuna kuma su san halin da harshensu ke ciki. A fitar da sakamako gari-gari da mazaɓa-mazaɓa, ta yadda Masaka za ta ga adadinta. Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuma ta yi dokar da za ta ba wanda aka haifa ko ya daɗe a wuri haƙƙin karatu da aiki a wurin, tare da kare sarauta da ragowar filayen 'yan asali. Gwamnatin Nasarawa da Ma'aikatar Babban Birnin Tarayya su ne ya kamata su fara matsa lamba, domin su ne za su amsa tambaya ranar da cunkoson Karu ya fi ƙarfin kowa.