Ra'ayinmu: Kada A Bari Macijin Dutsen Mangshan Ya Ƙare

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka ba mamaki mai karatu ya tambaya, me ya kai jarida ga roƙon a ceci maciji, alhali kububuwa na hallaka manoma da makiyaya a yankinmu kowace damina? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutane 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. Duk da haka, akwai abin lura a labarin wani maciji da ke ƙasar Sin.

Macijin yana zaune ne a dazuzzukan dutsen Mangshan, a kan iyakar lardunan Hunan da Guangdong, kuma babu inda ake samunsa a daji a duniya sai nan. Tsawonsa kan kai mita 2, jikinsa kore ne mai rodi-rodi kamar gansakuka, ƙarshen wutsiyarsa fari. Yana cikin dangin macizai masu ɗan rami tsakanin ido da hanci, wanda da shi suke jin ɗumin jikin ɓera ko tsuntsu cikin duhu. Masana ba su san da shi ba sai bayan wani likita mai suna Chen Yuanhui ya yi jinyar wani da irin macijin ya sara, ya kuma shafe shekaru yana nemansa. A 1990 aka sanya shi cikin littattafan kimiyya.

Abin takaici, saninsa da aka yi shi ya jawo masa bala'i. Masu kiwon macizai don ado a ƙasashen waje suka zuba masa kuɗi, 'yan fasa-ƙwauri suka shiga daji suna kama shi, ga kuma sare itatuwan da aka yi a baya wanda ya rage masa matsuguni. Bincike ya nuna waɗanda suka rage a daji ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. A 2012 aka sa shi cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa, a 2013 yarjejeniyar CITES ta ɗaure cinikinsa tsakanin ƙasashe, sannan a 2021 gwamnatin Sin ta ba shi kariya ta matakin farko.

Mu a ganinmu waɗannan matakai sun dace, kuma dalili a bayyane yake. Dafin maciji magani ne a hannun masu ilimi. Allurar da ake yi wa wanda maciji ya sara a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe, da dafin maciji ake haɗa ta. Maganin hawan jini na captopril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981, daga binciken dafin wani macijin ƙasar Brazil ya samo asali, ɗan'uwan na Mangshan. Duk jinsin da ya ƙare, ya tafi da abin da Allah ya ajiye a jikinsa, kuma babu kuɗin da zai dawo da shi.

Doka kaɗai ba ta isa ba muddin akwai masu saye. Wajibi ne ƙasashen da ake kai macijin su riƙa bincikar takardun masu sayar da shi, su hukunta mai saye kamar yadda ake hukunta mai kamawa. Haka kuma a sama wa mazauna dutsen abin yi, domin mai jin yunwa ba ya gadin daji.

Mu ma a nan sai mu shafa wa gemunmu ruwa. Irin wannan kwaɗayi ne ya kwashe aku mai jan wutsiya daga dazuzzukan Kamaru da Gana, har aka haramta cinikin na daji a 2016. Muna kira ga jami'an kwastam da na gandun daji su sa ido a kan iyakoki, gwamnatocinmu kuma su wadata asibitocin karkara da allurar saran maciji, domin manomin da ya san akwai magani kusa da shi, shi ne zai saurari maganar kare dabbobi. Allah ya sa a gyara.