Tafintan da Bai Ji Harshe Ba

A 1918 Aleister Crowley, Baturen Ingila da ya ƙago aƙidar Thelema, ya "fassara" littafin Laozi na addinin Tao alhali bai san Sinanci ba. Fassarar James Legge ya yi wa kwaskwarima, don ya nuna wai koyarwar Laozi ta barin tilasta al'amura daidai take da tasa ta bin muradin kai. Me ya haɗa kifi da kaska?

'Yan'uwa marubuta, haka muke yi wa Gungawan Yawuri. Mutum ko gaisuwa bai iya da Gunganci ba, ya kwana ɗaya a Ngaski, ya dawo ya rubuta wai al'adarsu bori ce. Tsibiransu da tafkin Kainji ya cinye a 1968 kuwa, ko sunan ɗaya bai tambaya ba.